Amsar Landan a Ɗakin Gwajin Zariya: Tarihin Koyar da Fiziks ta Hanyar Gano wa Kai

Duk wanda ya karanta Fiziks a shekarar farko ta jami'a ko kwalejin ilimi a ƙasar nan ya san gwajin lilo. Ana ɗaure ɗan ƙwallon ƙarfe a bakin zare, a rataye shi, a ja shi gefe kaɗan a saki, sannan a ƙirga kai-komonsa ashirin da agogo a hannu. A sauya tsawon zaren sau biyar, a zana giraf, a fitar da lambar da ke nuna ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa duk abin da aka saki ya faɗo. Tun kafin ɗalibi ya taɓa zaren ya riga ya san inda za a kwana: 9.81. Wanda lissafinsa ya kai shi 9.2 ko 10.4 kuwa ba ya buƙatar a koya masa dabara. Sai ya koma kan alƙaluman da ya auna, ya yi ta lallashinsu har su yi daidai da littafi.

Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, 9.81 amsar Landan ce. Jan ƙasa yana raguwa idan aka kusanci layin ikwaita, yana kuma raguwa idan aka hau tudu. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da ikwaita, a kan tudun da ya ɗara teku da fiye da mita 600, saboda haka amsarta ta fi kusa da 9.78. Bambancin kamar ba komai, amma da za a ɗauko agogon lilo da aka daidaita a Landan a kafa shi a Tudun Wada, zai riƙa yin latti da fiye da minti biyu kowace rana. Irin wannan lattin ne Bafaranshe Jean Richer ya lura da shi a 1672, lokacin da ya kai agogonsa daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, daga baya kuma Isaac Newton ya kafa hujja da shi cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Da Richer ya lallashi alƙalumansa, da an yi asarar wannan sani.

Tarihin ɗakin gwajin Fiziks na 'yan shekarar farko, wanda ya haura shekara 150, gardama ce a kan tambaya guda: shin ɗalibi ya shigo ne don ya tabbatar da abin da littafi ya faɗa, ko don ya yi wa duniya tambaya ya saurari amsarta? Duka ɓangarorin wannan gardama sun sauka a Zariya, kuma tsakanin Kongo da titin Gaskiya ana iya bin sawunsu.

Yadda aka fara bai wa ɗalibi kayan aiki

Har tsakiyar ƙarni na 19, ko a Turai, ɗalibin Fiziks ɗan kallo ne. Malami ke tsayawa gaban aji ya yi gwajin, su kuwa su rubuta. A 1869 Edward Pickering ya buɗe ɗakin gwaji na ɗalibai a cibiyar MIT da ke Amurka, ɗaya daga cikin na farko irinsa, sannan a 1874 aka buɗe ɗakin Cavendish a Kambirij ƙarƙashin James Clerk Maxwell. Da zarar ɗalibai suka yi yawa, sai matsalar da muke fama da ita yau ta ɓullo: malami ɗaya, hannuwa da yawa, kayan aiki masu tsada. Mafita mafi sauƙi ita ce a rubuta wa kowane gwaji takardar umarni, mataki bayan mataki. A wajajen 1886 Jami'ar Harvard ta fitar da jerin gwaje-gwaje arba'in, wanda Edwin Hall ya tsara, ga masu neman shiga cikinta da Fiziks, kuma makarantu suka rungumi jerin. Daga irin wannan aka samu ɗakin gwaji mai kama da littafin girki: zuba wannan, auna wancan, rubuta a nan.

Tun a lokacin an sami mai ja. Henry Armstrong, malamin kimiyyar haɗa sinadarai a Landan, ya shafe shekaru daga 1880 da wani abu yana wa'azin cewa a sa yaro a matsayin mai bincike, kada a gaya masa abin da zai iya ganowa da hannunsa. Ya yi mabiya, amma hanyarsa ta ci lokaci, kuma masu shirya jarrabawa ba su san yadda za su ba ta maki ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ja baya, takardar umarni ta ci gaba da mulkinta. Wannan takardar ce Ingila ta yi wa ƙasashen da ta mallaka guzurinta.

Abin da ya sauka a Zariya

Tudun Wada unguwa ce da ta tashi a farkon mulkin Turawa a wajen ganuwar birni, masaukin 'yan Arewa da aiki ko fatauci ya kawo. Sannu a hankali makarantu suka kewaye ta. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949, ita ce ta zama Barewa a kan titin Gaskiya. A Kongo akwai Cibiyar Koyon Aikin Mulki. A can Samaru aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wanda a harabarsa Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ƙofa ranar 4 ga Oktoba 1962.

Shugaban jami'ar na farko masanin Fiziks ne. Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, ya yi digirinsa na uku a ɗakin Cavendish a zamanin Ernest Rutherford, ya koyar a Singafo, ya riƙe kujerar farfesan Fiziks a Kwalejin Jami'a ta Ibadan daga 1952 zuwa 1960, sannan ya jagoranci jami'ar Zariya har 1966. Mutum ne da ya san aiki da abin da ke hannu: lokacin da Japanawa suka tsare shi a kurkukun Changi, ya ƙera wa 'yan'uwansa fursunoni wurin fitar da gishiri. Sai dai tsarin da ya tarar, kuma ya bari, tsarin jarrabawar Landan da Kambirij ne. A cikinsa gwajin aiki takarda ce mai maki: a kafa kaya yadda zane ya nuna, a auna sau biyar, a zana giraf, a nemo gangarensa, a ambaci matakan kariya biyu. Hukumar WAEC ta gaji wannan fasali, kuma duk wanda ya zauna jarrabawarta zai gane shi.

Bai kamata a raina tsarin ba. Ya koya wa mutane riƙe ma'auni, karanta ƙaramin sikeli, da rubuta rahoto a tsare, kuma daga cikinsa injiniyoyi da likitocin farko na Arewa suka fito. Illarsa ita ce duk wata shawara an riga an yanke wa ɗalibi: me za a auna, sau nawa, da wane ma'auni, me za a samu. Abin da ya rage masa bin umarni kawai.

Taron Kano na 1965

A daidai shekarun da ake aza harsashin jami'ar Zariya, guguwar sauyi ta taso a Amurka. A 1956 Jerrold Zacharias na MIT ya tara masana suka kafa kwamitin PSSC don sake fasalin Fiziks na sakandare, kuma da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 sai gwamnatin Amurka ta saki bakin aljihu. Kayan da suka ƙera masu araha ne da gangan: tiren ruwa don kallon igiyar ruwa, 'yar amalanke mai jan zaren takarda don auna gudu. A Ingila Gidauniyar Nuffield ta fara irin wannan a 1962.

Yadda guguwar ta iso Afirka labari ne mai taɓa zuciya. A watan Agusta 1960, a wani taro a Rehobot ta Isra'ila kan kimiyya da sababbin ƙasashe, Rabaran Solomon Caulker na Kwalejin Fura Be a Saliyo ya ja hankalin masana da cewa babbar buƙatar jama'arsa ita ce fahimtar alaƙar sababi da abin da ya haifar, kamar mutum ya gane cewa gurɓataccen ruwa ke kawo taifot, ba sammu ba. Jirgin da ya ɗauko shi zuwa gida ya faɗi a gaɓar Dakar, ya rasu. Zacharias yana cikin waɗanda suka saurare shi, kuma ya ɗauki maganar. An yi taron share fage a Amurka a 1961, sannan a watan Fabrairu 1965 malamai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci suka haɗu a Kano, aka ƙaddamar da Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka. Ƙa'idarsa ita ce yaro ya fara da abin da ke tsakar gidansu. Ɗaya daga darussansa da suka yi suna an gina shi a kan ɗan ƙwaron nan mai haƙa rami kamar mazurari a cikin yashi, kuma duk tambayar da yaro ya yi sai a mai da shi wurin ƙwaron ya nemo amsa.

Zariya tana da hanyoyi biyu da wannan tunani zai bi ya shiga aji. Ta farko Babbar Kwalejin Horon Malamai da aka kafa a Kongo a 1962 da taimakon UNESCO, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna ƙarancin malaman sakandare. Ita ce daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ta biyu Cibiyar Ilimi ta jami'ar, wadda a farkon shekarun 1970 ta jagoranci shirin inganta firamare a jihohin Arewa da tallafin UNICEF da UNESCO, kimiyya ta hanyar aiki da hannu tana cikinsa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, da aka kafa a 1957, ita ma ta fito da littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya a kan wannan turba.

Me ya hana shuka kamawa

Dalili na farko yana cikin hanyar kanta. Wasu sun fahimci "ganowa" da cewa a zube wa yara kaya a koma gefe. Ai kuwa abin da ya ɗauki Galileo da Newton shekaru ba zai faɗo wa ɗalibi a cikin awa uku ba. Tun a 1962 masanin Fiziks Robert Karplus da abokinsa Myron Atkin suka yi wannan gargaɗi, suka kawo abin da ake kira ganowa bisa jagoranci. Matakansa uku ne: ɗalibi ya fara taɓa abin ya ga yadda yake, malami ya ba shi suna da ma'anar abin da ya gani, tunda ba zai ƙirƙiro su da kansa ba, sannan ya gwada ma'anar a kan sabon al'amari. Binciken da aka tara daga baya, kamar nazarin Richard Mayer na 2004, ya goyi bayansu: sakin ɗalibi sakaka ba ya haifar da ɗa mai ido.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai gyaran rediyo ko makanike a Tudun Wada ya ga wannan hanya tana aiki. Maigidan kirki ba ya karɓe sukudireba daga hannun yaronsa, ba ya kuma barinsa ya ƙona kayan mutane. Zai ce masa: ina kake zargi? Me ya sa? To auna mu gani. Wannan aiki ya fi karanta umarni wuya, domin yana buƙatar malamin da ya san abin ciki da waje, mai haƙurin jiran amsa.

Irin wannan malami kuwa shi ne ya yi ƙaranci. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yadda kwalejoji za su iya yaye malamai. Jihar Kano ta nemi mafita a 1977 da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda aka tattara ɗalibai da kaya da malamai wuri guda, kuma an ga amfaninsu. Sai dai daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, kayan gwaji da ake sayowa daga waje suka fi ƙarfin makarantu. Abin da ya fashe ba a maye gurbinsa. Ga masu zana jarrabawa daga gida har akwai takardar da ke zaman madadin gwajin aiki, inda ake auna hoton ma'auni da rula. A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta kan buƙatun jami'o'in gwamnati ya ba da rahoton ɗakunan gwaji da ake kunna risho a madadin murhun gas. Idan mutum goma sha suka kewaye lilo ɗaya, biyu ke aunawa, saura su kwafa, wani lokacin ma daga rahoton 'yan bara.

Wannan duka a garin da tun 2004 yake da tukunyar nukiliya ta bincike, ta farko a Nijeriya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar. Ƙwarewa a saman tsani ba ta rasa ba. Matakin farko na tsanin ne ya ruɓe.

Da kwamfuta ta shiga ɗakin gwaji

A Amurka, shekarun da kayanmu ke ƙarewa su ne shekarun da ƙaramar kwamfuta ta shiga ɗakin gwaji. Robert Tinker da Ronald Thornton suka ɗauki 'yar na'urar da kyamarar Polaroid ke auna nisa da ita ta hanyar amsa-kuwwar sauti, suka haɗa ta da kwamfuta. Ɗalibi zai yi tafiya a gabanta, giraf ɗin tafiyarsa na zana kansa a allo nan take. Ya tsaya, layi ya miƙe. Ya ja da baya, layi ya juya. Muhimmancin "nan take" ɗin ya fito a binciken Heather Brasell na 1987, wanda ya nuna cewa jinkirin daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin giraf ya bayyana ya isa ya cinye kusan duk ribar. Gani ya kori ji, amma sai idan ganin ya zo tun ƙafa ba ta manta takunta ba.

A kan wannan Priscilla Laws ta Kwalejin Dickinson ta soke lacca ɗungurungum a ajin Fiziks na farko, ta mai da shi bita. Ita da Thornton da David Sokoloff suka tsara darussan da ke bin tsari ɗaya: kafin a taɓa komai, kowa ya rubuta hasashensa, ya yi musu da abokansa, a yi gwajin, sannan a bayyana dalilin saɓani tsakanin hasashe da abin da ya faru. Na'urar ta ɗauke wahalar ƙirga da zane, don lokacin ya tafi wajen tunani.

Alƙaluma sun biyo baya. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 a kwasa-kwasai 62. Azuzuwan da aka koyar ta tsohuwar hanya sun cike kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka shigo da shi. Waɗanda aka sa ɗalibai hasashe da musu da gwaji sun cike kashi 48. A 2017 Natasha Holmes da Carl Wieman da abokan aikinsu suka duba kwasa-kwasai tara a manyan makarantu uku na Amurka, inda shiga ɗakin gwaji zaɓi ne. Ba su sami wani bambanci da za a iya aunawa ba a jarrabawa tsakanin waɗanda suka yi gwaje-gwajen bin umarni da waɗanda ba su yi ba. A lura, waɗannan ɗakuna ne masu wuta da ruwa da kaya sababbi fil.

Binciken da ya fi dacewa da mu shi ne wanda Holmes da Wieman da Doug Bonn suka buga a 2015 daga wata jami'a a Kanada, kuma cikin gwaje-gwajensa har da lilo. Littafi ya ce nisan da aka ja lilo ba ya sauya tsawon lokacin kai-komonsa. Sai aka ce wa ɗalibai su kwatanta jan digiri 10 da na digiri 20, su faɗi ko akwai bambanci, su inganta awonsu, su sake kwatantawa. Da awo ya yi kyau sai bambanci ya fito, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, domin maganar littafin kusantawa ce kawai. Da yawa sun fara zargin hannunsu kafin su yarda cewa littafi ne ke da iyaka. Bayan an daina ba su wannan umarni, ɗaliban sun ninka takwarorinsu sau 12 wajen gyara hanyar awonsu da kansu, sau huɗu kuma wajen gano iyakar ƙa'ida. Kayan aikin zare ne da ƙwallo da agogo.

Waya a aljihu, malami a Kongo

Yau na'urorin da Thornton ya sha wahalar haɗawa suna cikin aljihun ɗalibai da yawa. Wayar zamani tana ɗauke da ma'aunin motsi, da na sauti, da na haske, wasu har da na maganaɗisu. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar Aachen ta Jamus ta fitar kyauta a 2016, tana mai da waɗannan ma'aunai giraf nan take ba tare da intanet ba. A sa waya a 'yar jaka a rataye ta, ta zama lilo mai ƙirga kanta. Kwaikwayon gwaje-gwaje na PhET, da Wieman ya assasa a 2002 bayan ya ci kyautar Nobel, shi ma kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki da shi ko babu sadarwa. Uzurin rashin kaya bai mutu ba, domin waya ba za ta maye gurbin murhu da mita da tabarau ba, kuma ba kowa ke da ita ba, amma ya yi rauni ƙwarai a fannin motsi da sauti.

Haɗarin shi ne a maimaita abin da ya faru sau biyu a baya. Hanyar Armstrong ta faɗi a hannun jarrabawa. Shukar Kano ta 1965 ta bushe don rashin mai ban ruwa. Idan aka rubuta sabuwar takardar umarni mai cewa buɗe manhaja, danna nan, kwafi lambar, to an sauya tukunya ne kawai, miyar tana nan yadda take. Kuɗin asusun TETFund na iya gina ɗaki ya cika shi da kwamfutoci, amma ba zai sauya takardar da ake ba da maki da ita ba. Wannan aikin sassan Fiziks ne: a cire maki daga kusantar amsar littafi, a mai da shi kan hasashen da ɗalibi ya rubuta tun farko, da yadda ya ƙiyasta kuskuren awonsa, da abin da ya sauya a zagaye na biyu da dalilinsa. A rage yawan gwaje-gwaje a zango, a bai wa kowane mako biyu, don a sami damar komawa.

Wurin da wannan sauyi zai fi yin nisa shi ne inda ake yaye malamai. Wanda ya koyi Fiziks a Kongo ta hanyar kwafa, kwafa zai koyar a Giwa da Soba da Maƙarfi har ya yi ritaya. Wanda kuwa aka taɓa tsayar da shi aka ce ya faɗi abin da yake zato, ya auna, ya kare abin da ya samu ko da ya saɓa wa littafi, zai kai wannan ɗabi'a duk ajin da aka tura shi. Ɗaliban nasa kaɗan ne za su zama masana Fiziks. Sauran su ne masu gwajin jini a asibiti, da masu auna ƙarfin kankare kafin a ɗora bene, da masu duba litar gidan mai, da masu tattara alƙaluman ƙidaya da na zaɓe. Kowannensu wata rana zai riƙe sakamakon da bai yi daidai da abin da na sama ke so ba, kuma abin da zai yi da shi ya dogara da abin da aka saba masa da shi tun yana ɗan shekarar farko.